Tandar Ladidi

Da matata Ladidi ta rasu, Allah ya jiƙanta, cikin kayan da ta bari ba abin da nake ɗagawa in yi ta kallo kamar tandarta ta ƙarfe, wadda ta yi shekaru tana toya waina a ciki. Tana da rai ko wanke ta ba ta bari in yi. Damina ɗaya ta wuce a kanta a bayan ƙofa, sai ga tsatsa ta mai da ita ja wur. Ga sadakar cikar shekara ta matso, ni kuma na riga na cika wa dangi baki cewa a tandar Ladidi za a toya wainar, ba ta aro ba.

Sai na kira 'yarmu Rumasa'u da ke jami'a, don na ji bincikenta a kan tsatsa ne. Ta ce su a ɗakin gwaji sukan tsoma ƙarfe a ruwan asid, irin na batir, ya cinye tsatsar. Sai su ɗiga ruwan da suka tato daga ganyen darbejiya, shi kuma ya lulluɓe ƙarfen ya hana asid ɗin cin jikinsa. Ta shiga maganar awo da sirki, na ce, “Ya isa, na gane.” A aji huɗu na tsaya, gaskiya ne, amma darbejiya ai da ita aka yi ta yi min wanka tun ina tatata, ba yarinya ce za ta koya min ita ba.

Na je wurin mai cajin batir na ciko jarka da ruwan asid, na juye a robar wanki, na tsoma tanda, na karyo reshen darbejiya da ganyensa na jefa. Ruwa ya hau kumfa yana tsuwa, na ce madalla, magani ya kama. Na rufe, na bar ta kwana da kwanaki, tunda jiƙo sai ya daɗe yake ƙarfi.

Da safiyar sadaka Atine, ƙanwar marigayiya, ta iso da ƙullunta ya tashi fal roba. Na ciro tanda da sanda, na ɗauraye, na miƙa mata ina washe baki. Tsatsa kam babu ita. Atine ta ɗaga tandar sama, ta leƙo ni ta cikin gurbin waina, ido da ido.

Ta ce, “Mijin Yaya, waina za mu toya ko gari za mu tankaɗe?”

Na ce, “Ilimi ne, Atine. Darbejiya na sa ta kare ƙarfen. Sai dai ko reshen ne ya yi kaɗan.”

Ta yi ta juya tandar. Na ji ba daɗi, na ce, “To ke da kika san sirrinta, me Ladidi take sa mata duk shekarun nan da ba ta taɓa lalacewa ba?”

Ta ce, “Ba ta sa mata komai. Kai take hanawa taɓa ta.”