Likitan da Ke Yin Kore

A fadarmu ta Zango muna bin fim ɗin wani jirgi mai yawo cikin taurari. Kowa gida yake kallo, gardamar sai wajen shayi. Ni na gano likitan jirgin ba ɗan Adam ba ne: duk sanda ya tsaya ta hagu, fuskarsa kore take yi. Da abokina Illiya ya musa, shi ma na fara zarginsa.

Na tara su ɗakina in kafa hujja. Ina kunna tele, mai karanta labarai ya fito ta hagu, kore shar.

Illiya ya ce, "Malam, wannan ma nasu ne?"

Ashe telen ce ta lalace. Har yau baƙo bai shan shayinmu sai an tsayar da shi haguna na duba.