Alawar Ɗaurin Auren Nura

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka ɗaura auren ƙanena Nura ba, ko da na so.

Aiki ɗaya aka ba ni: in ɗauko Kawu Sale daga masaukinsa a Nassarawa GRA, in kai shi masallacin Gawuna. Shi ya riƙe Nura tun rasuwar mahaifinmu, shi ne kuma zai karɓa masa aure. Tun daga Ringim ya taho da babbar rigarsa a ninke, ga ciwon gwiwa.

Muna hanya na tuna ban sayi alawar da za a raba ba (ni da na cika baki gaban dangi cewa a bar mini wannan). Sai na karya kan mota zuwa wani babban kanti. Wanda ya tsara wajen ajiye motocin kantin nan, Allah ya yafe masa: ƙofa ɗaya ce shiga da fita, a kan siririn titi, ga masallacin Juma'a a maƙwabta. Kullum in zan wuce aiki sai na yi wa masu cunkushe wurin tsaki.

Kawu ya ce, "Da ka tsaya daga waje, ɗan nan."

Na ce, "Haba Kawu, rana ta dake ka?" Na kutsa har ƙuryar ciki, ƙarƙashin darbejiya, ina jin kaina mai ladabi.

Ina can ina zaɓen alawa kamar mai zaɓen zinare, masu zuwa masallaci suka yi ta shigowa. Da na fito, motoci sun jeru a bayana har bakin ƙofa, masu su duk sun tafi sauraren huɗuba. Titin ma an shimfiɗe shi da dardumai, ko adaidaita ba ta ratsawa. Na dubi gwiwar Kawu, na dubi nisan babban titi, na san ba za mu kai a ƙafa ba.

Nan muka bi sallah a gefen mota. Aka sallame, mai motar da ta tare ƙofa ya tsaya gaisawa da jama'a (ashe mutumin kirki ne, kowa ya san shi).

Da muka isa Gawuna an riga an shafa fatiha. Liman ya jira har ya gaji, wani maƙwabci ya karɓi auren. Nura ya taho ya durƙusa gaban Kawu, ni ko kallona bai yi ba.

Da Kawu ya zage ni da na samu sauƙi. Sai ya gyara rigarsa, ya miƙo mini hannu ya ce, "Ba ni alawar guda ɗaya. Ita na zo sha, ashe."

Har yau abin yana ci mini rai. Yanzu ranar Juma'a ko gishiri ne ya ƙare a gida, sai dai a ci lami.