Zungurun Kaka a Gidan Tarihi

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da mutanen gidan tarihi suka sauka a kwalejinmu, can gefen Gidan Amumune. Lokacin sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, kuran, wato wutar lantarki, ya zama baƙon da ba ya sallama, damina kuma ta yi mana rowa har gero ya bushe a tsaye. Gari ya yi shiru, kowa fuska a ɗaure. Sai ga mota da faranti mai kama hasken rana a bisa, da wata madam mai tabarau riƙe da ordinater, wato kwamfuta.

Madam ta ce suna yawo ƙauye-ƙauye suna ɗaukar hoton kayan kaka da kakanni. Ba za su tafi da kayan kowa ba. Za su zagaya abu da talho, wato wayar hannu, ta kowane gefe, su naɗi muryar mai shi yana ba da labarinsa, su sa a shafinsu na intanet, wanda ke Yamai ko Makka ya juya shi da yatsa. Abin da ya fi burge su, shi za a sa a fuskar shafin, tare da mai shi.

Daga nan zama ya gagare ni. Laminu, wanda muke benci ɗaya (kuma muke gasar komai, har atishawa), ya ce zai kawo takobin kakansa. Ni kuwa gidanmu an kai kusan duk wani tsohon abu kasuwa an sayo hatsi. Na birkice zaure, na leƙa rumbu, na duba har akurkin kaji. Da Kaka ta tafi barkar haihuwa, na faɗa ɗakinta. Can bayan gadonta na kara, naɗe cikin tsohon zane, na sami wani dogon duma mai baki ɗaya, an yi masa zane da wuta, cikinsa ja-ja-ja yana wani irin wari.

Ban taɓa ganin irinsa ba, amma zuciyata ta ba ni amsa nan take: kwari ne, gidan kibau. Na fere karan gero na zuba ciki, na ɗaura masa igiya na rataya a kafaɗa.

Gaban talhon Madam bakina ya buɗe kamar rediyo. Na ce kwarin kakan kakana ne, maharbin da ya kori mahara shi kaɗai tun daga nan har bayan Tasawa. Jan da ke ciki jinin maƙiya ne. Warin kuma dafi ne, kada kowa ya shaƙa da yawa. (Wani ɗan aji shida ya toshe hanci ya ja da baya, na ji daɗi har cikin ƙashina.) Madam ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “To, madalla. Mun naɗa.” Laminu ya yi tsuru da takobinsa mai tsatsa.

Abin da ban sani ba, don ina can ina lissafin shahara lokacin da aka faɗa, shi ne ba sa ɗora komai sai sun tara dattawan gari sun nuna musu, a gyara abin da ba daidai ba.

Ranar nunin aka rufe tagogin babban aji, aka haska farin bango. Tsofaffi maza a gaba, mata a baya kan tabarmi, mu ’yan lakwal, wato ɗalibai, mun cika ƙofa. Na kasa tsayawa wuri ɗaya, ina ta taka ƙafafun mutane. Aka nuna takobi, aka nuna wani akushi. Sai ga kwarina ya cika bango, yana juyawa a hankali kamar amarya, muryata kuma tana tashi: “Wannan jinin maƙiya ne...”

Wata tsohuwa ta fara ƙyaƙyatawa, ta kusa da ita ta kama, kafin ka ce me duk tabarmar mata ta kwanta. Daga tsakiyarsu Kaka ta miƙe tana nuna bango da sandarta.

“La ilaha! Wanga ba zunguruna ba ne? Ina ɗan banzan mijin nan nawa? Kai, hito nan!”

Aka turo ni gaba.

“Maigida, yaushe ka kai zungurun lallena yaƙi ban sani ba? Wanga da shi aka yi mani ƙunshin aure. Hannu ake sawa ciki da lalle, ya kwana, ya kama. An saida tasoshina, an saida gadon ƙarfena, na ce wanga ba ya hita gidan ga. Ashe ɓarawon na cikin ɗaki!”

Wani dattijo ya ce, “Hajiya, a yi mishi haƙuri, maƙiyan ne suka zo da ƙunshi.” Laminu ya zame ƙasa yana riƙe da ciki. Ni dai na nemi ƙasa ta tsage, amma siminti ne.

Madam ta share hawayen dariya ta ce ’yan matan yanzu leda suke ɗaurawa, da yawa ba su san zunguru ba, don haka shi za a sa a fuskar shafin, da muryar Kaka. Sai dai tana son a nuna yadda ake amfani da shi. Ana bukatar hannu.

Kaka ba ta ko waiwaya ba ta cafke nawa. “Ga na ango.”

Aka kwaɓa lalle, aka cusa hannuna har kusa da gwiwa, ana ɗauka ta kowane gefe. Da aka zare bayan ya daɗe a ciki, ya yi ja kamar gauta. Makonni ina yawo da hannu cikin aljihu, mushen lissafi, wato malaminmu, kuma kullum ni yake kira allo. ’Yan kabu-kabu na hango ni sai su hau oda: “Amarya, ina za a kai ki?”

Na shiga intanet dai, yadda na so. Fuskata ba ta fito ba, sunana ma babu, an rubuta “hannun jikanta” kawai. Yanzu in na tsinci abin da ban sani ba a ɗakin tsohuwa, sai na tambaye ta tukuna, kuma daga nesa, hannayena biyu a baya.