Ranar Turai a Tagar Maradun

"Lahiya lau, sai dai takaicin miji irinka, wanda bai zuwa gaisuwa sai da dalili."

Haka Kaka Taiba ta amsa gaisuwar jikanta Surajo, da azahar ɗin bazara, a ɗakinta na Bakura. Surajo mai zanen gini ne da kwamfuta a Talata Mafara. Gobe zai nuna wa wani likita a Maradun zanen labulen taga mai sanda-sanda, da hoton yadda rana za ta ratsa shi a ɗakin masu jinya. In likita ya yaba, ya samu aikinsa na farko. Shi ya sa ya buɗe kwamfuta yana ta hura hanci.

"Tsohuwa, taho ki ga asabarin zamani. Naki na kara a ba awaki su ci."

"Asabarin da bai tare ko ƙuda? Mu gani."

"Ga tagar kudu. Na ce ma na'ura azahar, watan nan, tas sako rana da kanta. Dubi haske layi-layi har bisa gado."

Ta ƙanƙance ido, ta yi tsaki.

"Wagga rana ba tamu ba ce."

"Karambanin akuya, gai da kura! Ke da ko allura ba ki gani?"

"Ni da nig ga ubanka babu wando? Ƙofata kudu taka kallo. Nuna min hasken."

Surajo ya waiga. Asabari na rataye, ko ɗigon rana bai ratso ba.

"Yanzu rana bisa kai take, sakarai. Sai la'asar taka zuwa ta yamma da hushinta. Mi kas sa ma tagar yamma?"

"Ba komi."

"Ashe gasa marasa lahiya za ka yi, ba jinya ba."

Ya laluba na'ura da sauri, kunya ta rufe shi. Ashe tun da ya sa manhajar zanen a kwamfuta bai sauya mata gari ba, ranar wani birnin Turai take haska masa. Ya rubuta Maradun. Nan take layukan suka ɓace daga kudu, da ya matsa lokacin zuwa la'asar kuwa tagar yamma ta kama da wuta.

"Shekara huɗu kana boko, ranar garinku ba ka sani ba!"

Surajo ya tuntsire da dariya, ya zaro farin goro ya miƙa da hannu biyu.

"Na sallama, amarya."

Ta ɓantara, ta sake miƙo hannu.

"Ƙaro. Taga biyu nig gyara."