Ƙundun Kaza da Kaset ɗin Benson

Matso kusa, ja kujerar nan ka zauna, ka bar tsayuwa kamar wanda ya zo karɓar saƙo. Labarin Kaka Hadassah ta unguwar Mahuta a Kaduna zan ba ka, ita da jikanta Elisha, a shekarun nan da sojoji suka koma bariki, kowa ya samu bakin magana, kowane falo kuma ya samu bidiyo an lulluɓe shi da ƙyallen saƙa kamar jariri.

Matan Zumunta na cocin su Kaka suna da wata al'ada. Duk wata sukan taru a gidan ɗaya daga cikinsu, a yi addu'a, a yi waƙa, a ci abinci, sannan mai masauki ta sa musu fim. A taron da ya wuce, a gidan shugabarsu Mama Rhoda, an kalli kashi na ɗaya na wani fim wai shi Matar Direban Tanka. Kaset orijina ne ɗanta ya kawo mata, hoto tar kamar madubi. Fim ya tsaya daidai inda wani mutum, kansa naɗe da bandeji, ya ƙwanƙwasa ƙofar matar da aka ce mijinta ya ƙone a hanya. Nan Kaka ta miƙe gaban kowa ta bugi ƙirji, ta ce kashi na biyu a gidanta za a gani, kuma nata sai ya fi wannan haske. Mama Rhoda ta ce, "Ubangiji ya kai mu." Kowa ya ji ba addu'a ba ce.

To, ranar ta zo. Kaka na tsakar gida tana suyar kaza, sai ga Elisha, saurayi dogo mai bakin tsiya, wanda ta aika cikin gari tun da safe neman orijina. Ya shigo yana fito, da leda a hammata.

"...na ce ya hayaƙi, amarya? Ko kunnen ma ya yi ritaya?"

"Kunnena ƙalau, maigida. Tun daga bakin titi nake jin kukan cikinka. Sannu da zuwa, mijin da ba ya kawo cefane sai yunwa."

"Yau na kawo abin da ya fi cefane. Ungo. A'a, goge hannunki tukuna, wannan ba ƙosai ba ne."

"Har ka je cikin gari ka dawo? Kai da in an aike ka sayen ashana sai an bi ka da addu'a?"

"Na haye gada, na shiga kasuwa, na ture mutane. Da farko mai shagon cewa ya yi ya ƙare. Da na gaya masa matata tsohuwa ce tukuf, tana so ta ga ƙarshen fim kafin ta ga nata ƙarshen, sai ya share hawaye ya ciro mini nasa na gida."

"Ni zan binne ka in auri ƙanenka. Kawo in gani. Ina kwalinsa?"

"Wane kwali?"

"Kwali mai hoto mana. Na Rhoda da kwalinsa ya zo, ga matar tana kuka a gaba, ga tanka yana ci da wuta a baya. Kai tsirara ka kawo mini shi, an manna filasta an rubuta suna da biro."

"Sabon yayi ke nan. Manyan orijina yanzu ba sa sa kwali, saboda ɓarayi."

"Wannan rubutun mutum ne ya yi shi ko kaza?"

"Hannun darakta ne da kansa."

"To darakta bai gama firamare ba. Wuce mu gwada kafin baƙina su iso. In ka kunyata ni gaban Rhoda, yau auren nan ya mutu."

"Auren da ban tsinci komai a cikinsa ba sai aike? Ko ƙundun kaza ba ki taɓa ba ni ba. A wane gari ake yanka kaza, maigida na zaune da ransa, a kai wa wani ƙundu?"

"Ƙundu na maigidan gaske ne. Tun da kakanka ya tafi wurin Ubangiji, fasto nake aika wa. Kai wuya ya ishe ka."

Ta sauke kasko, suka shiga falo. Kaka ta yaye ƙyallen saƙa ta ninke. Elisha ya tura kaset, bidiyo ya haɗiye shi da wani irin gurnani kamar an ba shi abin da ba ya so.

"Yesu! Ruwan sama ake yi a fim ɗin?"

"Ba ruwa ba ne, layi-layin farko ne. Bari in murɗa nan, yanzu zai washe."

"Murɗa. Ka yi ta murɗawa har kan matar ya koma wuyanta. Ga kai a ƙasa, ga ƙafafu a sama."

"Ga shi nan, ya zauna."

"Ya zauna. To me ya sa fuskarta ta yi kore kamar ganyen yakuwa? A gidan Rhoda baƙa ce kyakkyawa."

"Baƙin ciki ne. Wata guda tana tsaye a bakin ƙofa tana jira a sa kashi na biyu, ke ba za ki canza launi ba?"

"Ji kuma! An mari ƙanen mijin, ya faɗi, ya tashi, ya kaɗe wando, sannan ƙarar marin ta iso."

"Marin daga nesa ya taho. Ke ba ki san fim ba, tsohuwa. Ke da kika girma kina kallon inuwar hannu a jikin bango, yau ke ce alƙalin kaset?"

"Ni ce kuwa. Bari in koya maka. A kaset akwai uwa, akwai 'ya, akwai jika. Uwa ita ce orijina. 'Ya an kwafo ta daga uwa, ta ɗan dushe amma ana gane mutane. Jika kuwa daga 'ya aka kwafo shi: ga ƙarar banza, ga rawar kai, kuma bai yi kama da kowa a dangi ba. Jika ka kawo mini. Na san shi sarai, ina da irinsa a gida."

"Na ji, na gode. Amma ai labari ake kallo, ba fenti ba."

"Wane labari? Duk a bakinmu suka sata, suka ɓata. Fim na Kano, an kori mutum daga aiki, maimakon ya nemi wani, sai ya faɗa lambu ya kama reshe yana waƙa, yana canza riga kamar ɗan tela. Na Legas kuwa, duk wanda ya sayi mota to ya kai uwarsa wurin boka. Fasto ba ya zuwa sai ana shirin tashi, ya yi ihu ɗaya, boka ya zama hayaƙi. Ina yake tun farko? Wannan dai na yarda da shi saboda matar. Da aka ce mijinta ya mutu, kukan gaske ta yi, har da majina. 'Yar fim ɗin da ba ta tsoron majina ita ce ta san aikinta."

"To ke ki shiga mana. Majina kam Allah ya hore miki."

"Da na shiga, da yanzu hotona kake talla a bakin titin Gonin Gora. Tura gaba, kai ni wurin mai bandeji. Shi matan nan za su zo gani."

"Ki ce don Allah. Mulkin soja ya wuce, yanzu sai da lallashi."

"A gidan nan ba a yi zaɓe ba. Tura."

Elisha ya danna, mutanen fim suka yi ta guje-guje kamar tururuwa, sannan ya saki. Ga mai bandeji zaune a tsakiyar dangi. Ga matar ta dafe ƙirji. Ya kai hannu goshi, ya fara warwarewa, ya warware, ya warware, saura naɗi ɗaya. Kaka ta matso har bakin kujera. Sai hoto ya yi tsalle, allo ya yi shuɗi, sai ga kiɗan ganga, ga rumfa, ga fararen kujerun roba, ga mata da anko suna rawa.

"Wannan kuma fa? Ya cire bandeji sai ya zama biki?"

"E... tunani ne. Matar ce take tuna ranar aurensu."

"Matar direban tanka a filin makarantar unguwarmu aka yi bikinta? Waccan mai farar riga ba Comfort ba ce, 'yar Ishaku? Elisha!"

"Na'am, amarya."

"Wa ya ɗauki bidiyon bikin Comfort?"

"Ina jin... Benson."

"Benson na bayan layinmu, mai kwafar fim a kan tsofaffin kaset ɗin biki. Gadar da ka haye ke nan? Kwalbatin ƙofar Benson?"

"Kwalbati ma ai gada ce, ba ta gama girma ba ne. Ya rantse mini daga uwa ya kwafa. Ina ga wuta aka ɗauke masa yana cikin aiki, shi bai duba ba, ni ban duba ba."

"Tashi ka koma ya ƙarasa."

"Ya kulle shago, ya tafi ɗaukar wani bikin. Cikin gari kuma, kafin in je in dawo, matanki sun cinye kazar sun watse."

Kaka ta zauna daɓas, ta ɗora hannu a ka. "Shi ke nan. Rhoda ta samu abin dariya har Kirsimeti. Ba za ta ce komai ba, murmushi kawai za ta yi ta ce, 'Ba komai, Hadassah, kin yi ƙoƙari.' Gara ta zage ni."

Elisha ya kai hannu zai kashe.

"Tsaya! Kar ka taɓa. Wace ce waccan a bayan rumfa, kusa da tukunyar nama?"

Mama Rhoda ce, ba ko tantama. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta tsoma cokali a tukunya ta ɗebo nama ta juye a leda, ta cusa a jakar hannu. Kaka ta miƙe tsaye kamar ba ita ce mai ciwon gwiwa ba.

"Shugabar Zumunta! Mai yi mana gargaɗi a kan kwaɗayi! Maigida, na janye maganata. Wannan kaset ya fi orijina. Dubi haske, ko layi ɗaya babu, har zoben hannunta ana gani. Benson ɗan albarka ne."

"Au, yanzu jika ya yi rana?"

"Ya yi. Yau har ƙarshe za a kalla, a mayar baya a sake."

"To bari mu ga ƙarshen tukuna."

Kyamarar Benson ta ɗan karkata hagu. Sai ga wata tsohuwa zaune a gefen Mama Rhoda, ta ware ƙafa, ta buɗe ƙatuwar kular abinci a ƙarƙashin zani. Murya ta fito tangaran: "Rhoda, yi sauri, zubo nan. Bar ƙashi, tsoka za ki ɗebo."

"Kashe."

"Wace ce wannan mai kula?"

"Ban san ta ba. Kaset ɗin ba shi da kyau, duk fuskoki sun dagule."

"Yanzu kika ce ya fi orijina."

"Idona ne, ka san tsufa."

"Muryar fa? A nan kam baki da magana tare suka iso. Kuma ɗankwalin nan da ke kanta, ba shi ne a kanki yanzu ba?"

"Mutum nawa ke da irinsa a Kaduna? Kai ma rufe mini baki. Naman nan wa ya cinye? Ba kai ba ne ka zauna ka share kular, kana cewa Comfort ta yi auren albarka?"

"Ni matata ce ta ba ni, na ci da zuciya ɗaya. Ban san na bayan rumfa ba ne."

"Guzuri ne! Mace ta yi rawa tun safe, ta koma gida hannu biyu?"

"To a bar matan Zumunta su yanke hukunci. Mulkin farar hula ake yi."

"Elisha. Ɗan marigayiya 'yata. Mijina na kaina."

"Yanzu kika yi magana. Ga yadda za a yi, amarya. Mai bandeji na zuwa naɗin ƙarshe, sai in zare waya ta bayan talabijin, in ce an ɗauke wuta. Wa zai yi gardamar ɗauke wuta a garin nan? Ke kuma ki ƙarasa musu da baki. Ba kin ce a bakinku aka sata ba?"

"Ka san ƙarshen?"

"Ko kaɗan."

"Ba na ma buƙata. Ni da na riƙe yaran unguwa guda da tatsuniya ba wanda ya yi gyangyaɗi? Ƙarshen da zan ba su, darakta da kansa sai ya zo koyo."

"Sai dai matsala ɗaya. Hannun mai cin wuyan kaza rawa yake yi. Yana iya makara wurin zare waya, har a kai ga kula."

Kaka ta ƙura masa ido. Ta buɗe baki za ta yi zagi, sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har tana share ido da bakin zani. Ta fita tsakar gida, ta dawo da ƙundu a ƙaramin faranti, ta ɗan rusuna, gwiwa na ƙara.

"Ga shi, maigida. Ka ci ka shaƙe."

"Fasto fa?"

"Fasto ya yi azumi. Kaset ɗin kuma gobe ka kai wa Benson ya goge."

"Za a duba. Kirsimeti na tafe, kaji da yawa za su mutu."

Da yamma falo ya cika. Mai bandeji ya zo naɗin ƙarshe, talabijin ya mutu ɗif, Elisha ya ce, "Kash, sun ɗauke!" Mata suka yi ta tsaki. Sai dai gogan ya manta da fankar sama, tana nan tana juyawa abinta a kan kowa. Mama Rhoda ta ɗaga kai ta dubi fanka, ta sauke ido a kan Kaka, murmushin nan nata ya fara fitowa. Kaka ta gyara zama ta ce, "Rhoda, kaset ɗin nan a wurin Benson aka samo, wanda ya ɗauki bikin Comfort. Yaron nan ba abin da kyamararsa ba ta gani, har bayan rumfa." Mama Rhoda ta jawo jakarta ta rungume. Ta ce, "Lalle an ɗauke wuta. Hadassah, ba mu ƙarshen da baki, kin fi su iyawa."

To kai da ka zauna ka ji, da kai ne Elisha, za ka kai wa Benson kaset ɗin nan ya goge a kan ƙundu ɗaya tak?