Ranar da Motata ta Sha Zamzam

Lokacin muna unguwar Ka'akiyya a Makka ina da wata tsohuwar mota, har yau ina kewarta. Wata Juma'a na rantse da kaina zan canja mata man birki. Maƙwabcina Malam Sani ya ba ni ragowar nasa a gorar ruwa, na ajiye ta a but ɗin motar kusa da gorarmu ta Zamzam. Yana taka birki, ina fitar da iska, ina yi masa lacca kan kanikanci.

A gangaren unguwar Rusaifa birkin ya ƙi ci, tulin yashi ya cece mu. Bakanike ya murza man a yatsa ya ce, "Ya Hajji, ruwa ne!" Na buɗe but: gorar mai a cike, ta Zamzam wayam.

Har yau Malam Sani gaisuwarsa ke nan: "Injiniya, ya mai jiki? A ƙaro mata?"