Yadda Za Ka Hana Maƙwabta Caji a Solarka Ba Tare da An Kira Ka Marowaci Ba

Idan Allah Ya hore maka sola a ƙauyen da bai taɓa ganin turken lantarki ba, ina taya ka murna, ina kuma yi maka jaje. Daga ranar da faifan nan ya hau rufinka, zaurenka ya tashi daga naka. Amma kwantar da hankalinka. Ni Sha'aibu, da na sayar da gero na ɗauko tawa daga kasuwar Shinkafi har da 'yar fanka, na gwada dabarun nan da kaina. Ka bi su daki-daki, na yi maka alkawari cikin kwana goma ba mai sake kawo waya gidanka.

1. Ka san abokin karawarka

Rana ba ta da laifi, kyauta take aiki. Wanda za ka kula da shi shi ne mai sallama da hannu ɗaya a aljihu. Zai tambayi iyali, ya tambayi gona, ya tambayi akuyar da ta haihu bara, sannan ya ce af, har ya manta, ya zaro waya. Wani da uku yake zuwa: tasa, ta matarsa, da ta surukarsa da ke Katuru. Wata Talata na ƙirga ashirin da shida a zaurena. Da na shiga turaka in ɗan kishingiɗa bayan azahar, batir ya ƙare, fanka ko motsi.

2. Kada ka kuskura ka ce a'a

A garinmu akwai wanda ya hana aron galma sau ɗaya tak. Ya rasu da daɗewa, amma har yau jikokinsa 'yan gidan Marowaci ake ce musu. Kai iska kake nema, ba suna ba. Saboda haka ka karɓi kowace waya da hannu biyu, kana murmushi, ka bar baƙin cikin a ciki.

3. Ɗora wa girgije laifi

Ka ce yau rana ba ta da ƙarfi. Da damina wannan yana ci. Ni da bazara na gwada. Maƙwabcina Bawa ya ɗaga kai ya dubi sama, fes take, ya ce, "Ikon Allah! Girgijen ga kai ɗai yat tsaya ma." Idan haka ta faru da kai, ka yi tari ka shiga gida.

4. Kwantar da sola jinya

Nan gwaninta take. Ka bari ranar kasuwar Zurmi gari ya watse, ka zare igiyar da ke kai wuta zaure, ka bar wadda ke zuwa turakarka. Duk wanda ya jona waya zai ga shiru. Sai ka girgiza kai ka ce sola ba ta da lafiya tun jiya.

Kada ka gaya wa uwargida gaskiya. Ni in na ji takun matata Hindu tana kawo mini fura, sai in tura fanka ƙarƙashin gado in ɗauki mafici. Masana sun ce ƙaryar da matarka ta yarda da ita ta fi tafiya nesa, kuma haka ne, don kafin la'asar Hindu ta kai labarin bakin rijiya har da hawaye.

5. Karɓi jaje da fuskar jaje

Za su zo. Abin da na manta ke nan, mutanenmu ko jakinka ne ya yi targaɗe sai sun zo. Ka shimfiɗa tabarma, ka fito da goro, ka riƙa cewa haka Allah Ya so.

Ka taurara zuciya musamman idan tsohuwa ta shigo. Inna Asta, wadda ɗanta ke kiranta daga kudu duk Juma'a, ta dogaro sanda ta kawo mini gyaɗa a bakin zane, ta ce in yi haƙuri, na yi musu ƙoƙari. Wallahi na ji kunya har cikin ƙashina. Amma na tuna zafin azahar, na ci gyaɗar.

6. Idan an kawo mai gyara, ka yi shiru

Kwana na biyar Bawa ya hau mashin ɗinsa har Kaura, ya ɗauko Labbo mai gyaran rediyo. Labbo ya ce ba zai karɓi komai ba, tunda abin na jama'a ne. Mutum ashirin suka kewaye mu.

Hanya biyu gare ka a nan. Ko ka tashi gaban dattawa ka ce lafiyarta lau, kai ne ka zare igiya, ko ka naɗe hannu. Gwani naɗe hannu yake yi.

Labbo ya buɗe akwatin batir yana neman ciwon da babu. Da bai samu ba, bai ga ya dace ya zo daga Kaura a banza ba, sai ya kai jar igiya inda baƙa take, ya kai baƙa inda ja take. Wani abu ya ce fat, hayaƙi ya tashi, wari ya cika zaure. Ya share hannu a riga ya ce, "Ciwon ya yi nisa. Da kun kira ni da wuri." Ka ce masa Allah Ya saka da alheri. Ni har rakiya na yi masa.

7. Koyi sallama da hannu a aljihu

Ba a daɗe ba Bawa ya sayar da rago ya sayo tasa, ƙarama, ko fanka babu. Yanzu can ake taruwa. Da wayarka ta mutu kwana uku, ka tafi. Ka tambayi iyali, ka tambayi gona, kada ka manta da akuya.

Ni ban kai kan akuya ba Bawa ya miƙo hannu. Ya cire tasa wayar ya jona tawa, sannan ya matso ya rage murya.

"Malam Sha'aibu, tagar turakarka ba ta ruhuwa da kyau. Tun rana ta hwarko muna jin hwankar nan."

Na ce to me ya sa ya ɗauko Labbo.

"Mun ɗauka in ka ga mai gyara za ka yi magana."

Gargaɗi

Na cika alkawari, ba mai sake kawo waya gidanka. Hayaƙi, asarar goro, da fushin uwargida ranar da ta share ƙarƙashin gado ta ga fankar da ka ɓoye, duk ba ruwana, kai ka jawo. Mai ƙorafi ya same ni a zauren Bawa bayan azahar. Ni ne mai mafici, ina bin bayan Inna Asta a layi.